Baba Yahuza Mai Walda da Kofin da Ya Rataye a Ƙusa

Baba Yahuza mai walda ba ya tayar da inji sai ya yi shara. Duk mai bin hanyar tashar Basirka da sassafe ya san wannan. Zai fito daga masallaci, ya sha kokonsa, ya zo ya buɗe rumfarsa da ke jikin ta Ɗan'azumi mai faci, ya ɗauki tsintsiya da hannunsa. Tsumma ne, leda ce, karan dawa ne da iska ta kwaso, duk sai ya fitar da su, don tartsatsi ɗaya ya ishe su kamawa. Sannan ya tsuguna ya bi wayoyin injin nan da yatsa, tun daga gindi har baki, kamar uwa tana tsefe kan 'yarta. In ya ji inda ɓera ya gatsa ko inda roba ta tsage, to ko wa ke jira sai ya jira, sai an naɗe wurin ruf. Jarkar man janareta tana can nesa, gindin darbejiya. Bokitin yashi yana bakin ƙofa. Ya jawo busasshen katakon da yake tsayawa a kai, ya sa takalmi rufaffe da safar hannu ta fata, ya jingine fallen kwano ta gefen titi don kada mata masu wucewa da goyo su kalli hasken. Sai ya ɗauki garkuwar nan mai baƙin gilashi ya kare fuska, ya yi bisimilla.

Shekara talatin da huɗu ke nan, kullum haka.

Ɗan'azumi ya sha tsokanarsa. "Baba, kai walda za ka yi ko tiyata? Mutum ya kawo fartanya tun ɗazu!"

Shi kuma ya ce, "Fartanya ba za ta gudu ba, Ɗan'azumi. Ka je ka hura tayarka."

To jama'a, ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya tun ranar Juma'a: Baba ya ajiye aiki! Lafiyarsa ƙalau, yatsunsa goma cif, idonsa biyu garau. Kuma rumfar nan, da inji da komai, hannun maigidana ya damƙa ta. Wallahi da aka zo aka faɗa min, sai da na ƙona miya. Amma ba rumfar ce ta sa nake wannan jinjinar ba. Ku bari ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi mana shekara biyu da suka wuce.

Mutanen gari suna da nasu labarin a kansa. Akwai manomin Kwandiko da ya kawo durom ɗin fetur a yanka masa biyu zai yi wa shanu wurin shan ruwa, yana ta rantsuwa babu ko ɗigo a ciki. Baba ya sa hanci a bakin durom ɗin, ya ce a wanke da omo sau uku, a cika shi da ruwa, in ba haka ba ya ɗauki abinsa. Mutumin ya yi ta ƙunƙuni, amma ya koma gida da ƙafarsa. Akwai kuma maganar damina: da hadari ya zubo ƙasa ta jiƙe, Baba ya kashe inji ke nan, kuma ba wanda ya isa ya taɓa masa waya da jiƙaƙƙen hannu ko da silifa a ƙafa. An ce ya yi tsanani. Shi dai amsarsa ɗaya ce, wai maigidan da ya koya masa aikin a Birnin Kudu, gwani ne na gaske, amma jikansa ne ya ƙare yana ja masa sanda zuwa masallaci.

Maigidana, wanda Baba ke kira Abdulbaƙi, da girmansa ya shiga aikin, bayan ya gaji da haya da babur. Shekara uku yana wajen Baba, hannunsa ya faɗa, har manoma sun fara cewa shi suke so ya taɓa musu garma. Lokacin ne Allah ya sauke ni lafiya, haihuwar fari, aka samu 'ya mace. A makon kuma ruwan farko ya sauka. Wanda ya san ƙasarmu ya san me ake nufi: kowa ya tuna garmarsa ta karye tun bara, kowa ya tuna ƙafar amalankensa tana rawa. Suka cika rumfa, kowa na cewa gobe zai yi shuka.

Saura kwana uku suna, aka yi wa Baba rasuwa a Gwaram, ya tafi jana'iza. Maigidana ya ga layi, ga shi yana son ranar suna ta same shi ba aikin kowa a wuyansa. Garkuwar fuska kuwa tana cin hannu ɗaya, sai ka ɗaga ka duba, ka sauke ka ɗana. Sai ya ajiye ta, ya zaro baƙin tabaran nan na kasuwa da 'yan gayu ke sawa, irin wanda kusan duk masu waldar bakin titi ke aiki da shi. Da ya zo gurza ƙarfe da inji, tabaran ya hana shi gani sosai, sai ya tura shi goshi. Garma goma sha ɗaya ya gama ranar. Ya dawo gida yana fara'a, yana ɗan murza idon dama.

Da asuba sai ji muka yi yana salati. Idanu sun kumbura sun yi jajir, ruwa na zuba kamar an buɗe famfo, ya ce ji yake kamar an cika masa su da yashi mai zafi. Ko hasken tocila aka haska sai ya yi ƙara. Aka kama shi aka kai soro, aka shimfiɗa masa tabarma.

Surukata Inna Kubra, mace ce mai son ɗanta, kuma abin da ta tashi ta gani shi ta yi. A wajenmu in walda ta kama idon mutum, gidan mai jego ake zuwa da kofi, a tatso nono a ɗiga masa. Kowa ya san haka. Inna ta ce an ma yi sa'a, ga magani a cikin gida. Ta ɗauko wani ɗan kofin silba na shayi ta miƙo min.

"Yi sauri 'yar nan, ki ajiye kunya. Mijinki ne."

Na tatsa. Me na sani? Ta karɓa ta nufi soro, na lallaɓa na bi ta na laɓe bayan labule. Maƙwabta sun taru. Wani ya ce a matsa albasa, wani ya ce ruwan sukari, wata tsohuwa ta aiko a ce kwalli. Ana cikin haka sai ga sallamar Baba, ko gida bai biya ba daga tasha, Ɗan'azumi na biye da shi yana ba shi labari.

Baba ya dubi kofin da ke hannun Inna, ya dubi mai kwance.

"Yaya Kubra, an ɗiga?"

"Yanzu dai za a ɗiga, Malam Yahuza. Matsa ka ga."

"Don girman Allah ki dakata min minti biyu. In na gama dubawa, sai mu yi magana."

Ya durƙusa, ya wanke hannu da sabulu a buta, ya juya kan maigidan wajen ƙofa inda gari ya fara haske.

"Abdulbaƙi, duka biyun ne, ko akwai wanda ya fi?"

"Na daman, Baba. Kamar ƙaya. In na ƙifta sai ta soke ni."

"Da me ka yi aiki jiya?"

Maigidan ya kawar da kai.

"Da me ka gurza ƙarfe?"

Kafin ya buɗe baki, Ɗan'azumi ya ce, "Da idon da Allah ya ba shi, Baba. Ni na gan shi, tabarau a goshi kamar direban tirela."

Baba bai yi dariya ba. Ya sa yatsa biyu a hankali ya buɗe idon, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Yaya Kubra, zo ki gani da idonki." Inna ta sunkuya. A kan baƙin idon, dab da tsakiya, ga wani ɗigo, bai kai rabin ƙwayar gero ba.

"Kin gan shi? Zafin hasken walda daban, shi kwana ɗaya ko biyu yake ya lafa. Wannan ƙarfe ne ya shige. Ko nonon matan Basirka duka aka tara ba zai fito da shi ba, sai dai ya sa wurin ya ruɓe."

Ɗan'azumi ya ce, "To a kawo tsinken ashana mana, a naɗa auduga, yanzu na ɗauke shi. Na sha cire ƙusa a taya."

"Taya in ka ɓata ana sayen wata. Matsa can."

Inna ta fara hawaye. "Malam Yahuza, jibi suna fa. Haka kowa yake yi, kuma ana warkewa."

"Waɗanda suka warke su kike gani, Yaya. Ni na ja wa wanda bai warke ba sanda. Ki ba ni ɗanki yau ɗaya. In ban dawo miki da shi ba, ki kai ƙarata duk inda kike so."

Ya miƙa hannu, ta ba shi kofin. Ya juye nonon a gindin bango, ya jefa kofin a aljihu. Ya sa aka kawo sabon ƙyalle fari, ya ɗaure idanun sako-sako. Suka kama hanyar tasha.

Abin da ya faru a mota, direban da kansa ya ba da labari. Ido yana ƙaiƙayi yana zafi, maigidan hannunsa sai komawa yake zai murza. Baba ya kama wuyan hannayensa biyu ya riƙe gam. Tun daga Basirka har Birnin Kudu, duk ramin da aka faɗa, duk tsayawar da aka yi, tsohon nan bai saki ba. Wata mata a motar har ta tambaya ko ɓarawo aka kamo. Baba ya ce, "E, Hajiya. Idonsa yake son ya sace wa 'yarsa."

A asibiti likitan ido ya ɗiga magani, ya sa shi gaban na'ura ya cire abin. Ya ce har ya fara tsatsa a ciki, kuma da an murza ko an zuba wani abu, da sai dai a yi haƙuri da idon. Ya rufe shi da bandeji, ya ce a dawo, sai wurin ya warke za a san ko gani zai koma yadda yake.

Haka aka yi suna. Uban jaririya na zaune a ƙofar gida da ido ɗaya a liƙe, ɗayan na ruwa, abokai na ta yi masa tsiya. Ni ina ɗaki, mata na guɗa, zuciyata tana wajen idon nan. Mai walda da ido ɗaya, ina zai sa kansa? Ga yarinya ko sati ba ta rufa ba sai ranar.

Da yamma, bayan an watse, Baba ya kira shi gefe. Inna ce ta jiyo ta kawo min. Wai cewa ya yi, "Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Na koya maka hannu, ban koya maka tsoro ba. Yanzu zan biya." Sai ya yanke masa hukunci: "Matarka za ta yi arba'in tana wanka. Kai ma arba'in za ka yi. Ko ido ya warke, ba ka taɓa walda sai ranar da ta gama."

Washegari aka kai ni gidanmu a Surko wankan jego. Ranar da aka cire bandejin a Birnin Kudu, sai ga su sun biyo, shi da Baba, a kan babur ɗin haya. Suka tsaya a soro, gwaggona ta kai musu jaririyar. Ni kuwa ina bayan ƙofa, kunya ta hana ni fita, ƙafa ta ƙi komawa ɗaki.

Na ji Baba ya ce, "Rufe na hagun da hannunka. Rufe sosai, ban da leƙe. To, me kake gani?"

Na matsa jikin ƙofa na kasa kunne.

"Baba, hamma take yi."

"Sai me?"

"Ga wani ɗan baƙin tabo a bayan kunnenta. Ni ban ma taɓa lura da shi ba."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Baba dai cewa ya yi, "Alhamdu lillahi. Saura kwana talatin da ɗaya."

Kuma bai rage masa ko yini ba. Har na gama arba'in maigidan yana zuwa rumfa, aikinsa shara, bin waya da yatsa, ɗauke jarka, shanya katako, goge gilashin garkuwa, jingine kwano. Manoma su ce shi suke so, Baba ya ce yana jego. Sunan ya bi shi duk kasuwa. Ɗan'azumi kullum sai ya leƙo: "Mai jego, an sha kunun kanwa? A ɗora maka ruwan zafi?" Har ganyen darbejiya ya taɓa kawo masa a bokiti. Maigidan ya zo Surko yana huci, ya ce zai koma haya da babur. Ya kwana biyu yana cewa haka, amma kullum da safe sai a gan shi da tsintsiya. A cikin kwanakin ne da kansa ya gano wata waya da ta zare ta taɓa jikin injin, wadda da an kunna, duk wanda ya dafa sai yadda Allah ya yi. Baba ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, yanzu ka fara gani."

Kofin Inna kuwa bai dawo gida ba. Baba ya buga ƙusa a ginshiƙin rumfa, daidai inda kowa zai gani, ya rataye shi. Duk wanda ya zo koyon aiki sai an ba shi labarinsa. Duk wanda aka kama zai ɗana wuta ba garkuwa, ko zai gurza ƙarfe ba farin gilashi, ba zagi ba duka, Baba zai nuna ƙusar ne kawai ya ce, "A sauko maka da kofi?" Inna da kanta yanzu, in ta ji an zo neman mai jego saboda ido, ita ke fara cewa a nemi mota.

Ranar Juma'ar nan da ya miƙa rumfa, an taru bayan an sauko masallaci. Ɗan'azumi, da ba ya rabo da tsiya, ya zaro allura da zare daga hularsa. "Baba, kullum kana mana alfahari da ido. Ga fili." Baba ya karɓa, ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar sama. Sau ɗaya ya zura shi! Mutum mai shekara sittin da shida, ba tabarau, bayan shekara talatin da huɗu yana zaune gaban wutar da ta makantar da maigidansa. Wurin ya ɗauki kabbara. Sannan ya juya wajen maigidana. Kowa ya zaci makulli zai fara ba shi. Sai ya ɗauko tsohuwar garkuwarsa ya ɗora masa a hannu, ya bi da tsintsiya. Makullin ne ƙarshe.

Baba Yahuza, na Basirka mai yatsu goma! Kai ne ka tsaya tsakanin kofi da idon ɗan mutane, ranar da duk soron ke ganin ka cika taurin kai. Kai ne ka riƙe hannun ƙaton mutum tun daga nan har Birnin Kudu, ka dawo hannunka na ciwo ba ka faɗa wa kowa ba, sai iyalinka ce ta gaya wa Inna. Kai ne ka ce laifinka ne alhali kana wajen jana'iza aka yi abin. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba wanda ya ba ka takardar yabo. Amma ƙofofin da ka haɗa suna nan a gidajenmu, garmunan da ka ɗinke suna cikin gonaki daga Kwandiko har Surko, kuma cikin duk waɗanda suka koyi aiki a hannunka babu mai jan sanda, babu wanda wuta ta kayar.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya, ya bar maka idon nan kana karatun Alƙur'aninka har ƙarshen rayuwa. Allah ya jiƙan wanda ya koya maka.

Ku kuma masu walda, na Gwaram da na Birnin Kudu da na duk ƙauyukan da ke tsakani, don Allah ku yi koyi da shi. Baƙin tabaran kasuwa na zuwa biki ne, ku ajiye shi. Ku duba wayarku kafin ku kunna, ku kashe inji in ƙasa ta jiƙe, mai garma zai jira. 'Yan'uwana masu jego, in an miƙo muku kofi, ku mayar da shi da ladabi, ku ce a tafi asibiti.

Namu yana nan a ƙusarsa, maigidan ya ce ba mai sauke shi. Jiya da na aika masa abinci na ce a duba min, aka ce har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Nono kuwa mai shi ta shanye abinta, ga ta nan tana gudu a tsakar gida, ubanta na hango ta tun daga bakin soro.